Gadar da ke gaban dam ɗin Hoover: wai me ke riƙe da ita?

Ɗan Tirela

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya ce da ni zuwa ga injiniyoyinmu, amma ku yi mini haƙuri in fara da labari, in ba haka ba za ku ce tambayar yara ce.

Ni direban tirela ne a Amurka, zamana a Phoenix, jihar Arizona, bana shekarata shida a kan sitiyari. Hanyar da na fi bi ita ce ta Las Vegas. Nakan tashi da na idar da asuba, in bi ta Wickenburg, in tsaya Kingman in sha mai in kurɓi shayi, sannan in miƙe titi mai lamba 93 har in faɗa Nevada. Kilomita wajen 480 ne, kamar mutum ya tashi daga Kano ya gota Abuja kaɗan, sai dai nan babu Tafa, babu mai gasa masara a bakin titi, hamada ce da duwatsu. Daf da shiga Nevada akwai wata gada a kan kogin Kolorado. Na haye ta ya fi sau ɗari biyu, da lodi da babu lodi, dare da rana, ban taɓa ɗaukarta a bakin komai ba. In kana kanta ba ka ma tuna gada ce. Titi ne mai layi biyu kowane hannu, an yi masa katangar kankare dama da hagu, daƙiƙa ashirin ka wuce. Abin da ido ke hangowa baƙaƙen duwatsu ne da turakun lantarki, hankali kuma yana kan madubi da ƙananan motocin da ke kutsowa.

Kwanakin baya surukata ta zo daga Kano, maman yara ta haihu. Da aka yi arba'in na ce bari in fita da su, kada Hajiya ta koma gida a ce daga ɗaki sai asibiti ta sani a Amurka. Muka ɗauki ƙaramar mota muka nufi dam ɗin Hoover. Ni kaina ban taɓa sauka wurin ba, tunda ba a barin manyan motoci su gangara. Muka wuce shingen bincike, muka ajiye mota, muka taka kan dam ɗin. Yara suna ta mamakin agogo biyu da ke jikin hasumiyoyin ruwa, ɗaya na nuna lokacin Nevada ɗaya na Arizona. Ni kuma ina nuna musu farin zanen da ruwa ya bari a jikin duwatsun tafkin Mead, shaidar yadda ya ja baya. Sai na ji Hajiya ta ja salati. Da na waiwaya, ta juya wa tafkin baya, ta ɗaga kai sama tana nuni da carbi. Ta ce da 'yarta, don ni ba ta yi mini magana kai tsaye sai ta kama dole: "Tambaye shi, a kan wancan abin yake wucewa da motar tasa?"

Wallahi sai da gwiwata ta yi sanyi. Wani baka ne na kankare, ya taso daga jikin dutsen hagu ya dira a jikin dutsen dama, kamar jefa shi aka yi. A bayansa wasu siraran filoli tsaye kamar haƙoran mataji, a kansu titi. Ƙarƙashi kuwa babu komai sai iska, can ƙasa koren ruwa. Ina cikin kallo wata farar tirela ta bi ta kai, girmanta bai fi kwalin ashana ba. Na ce a raina, ashe haka nake zama.

Karambani ya sa na ja babban ɗana muka hau. Akwai wurin ajiye motoci ta ɓangaren Nevada, daga nan a hau matakala zuwa hanyar ƙafa da aka yi a gefen gadar mai fuskantar dam. A allunan da ke wurin na karanta cewa tsawonta ƙafa 1,900 ne, wato mita 579, buɗin bakan mita 323, daga titi zuwa ruwa kuma kusan mita 270. Dam ɗin da ake ta zuzutawa, mai tsayin mita 221, daga nan leƙa shi kake yi a ƙasa. Muna tsakiya, daidai inda aka sa alamar iyakar jihohin biyu, sai wata tirela ta wuce ta bayanmu, na ji gadar ta motsa a tafin ƙafata. Ba can sosai ba, kamar yadda bene ke yi in an tada janareta a ƙasa. Yaron ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Tun daga ranar, da na baro Kingman tafin hannuna ke fara gumi. Ga abin da ya ɗaure mini kai. Duk gadar da na sani a gida, ta Jebba, ta Makurɗi, filoli ne a cikin ruwa, ido na ganin abin da ya tallafe ta. Wannan filolin nata a kan bakan suke tsaye, ke nan ƙara masa nauyi suke yi. To shi bakan wa ya tallafe shi? Sannan na taɓa yin ginin ɗaki biyu a unguwarmu, na san ranar zuba dakin sai kafinta ya cika ɗakin da itatuwan tokara, a bar su sati uku kafin a cire. A nan ina aka kafa tokarar, a sararin Allah? Motsin nan da na ji kuma, lafiya ce ko alamar gajiya? Ina ɗauko tan 36 a kanta, ina da 'ya'ya huɗu. Ku faɗa mini gaskiya.

Na Kantin Kwari

Wa alaikumus salam. Alhaji, shekara shida kana hayewa lafiya lau, sai da suruka ta zo tsoro ya kama ka? Gadar ba ta canza ba, kai ne ka leƙa ƙarƙashin tukunya. Mu nan da ka ga gadar da muke bi zuwa ƙauyenmu da damina, da ka je ka sumbaci taku. Allah Ya raya jariri, a gaida Hajiya.

Injiniyan Gada

Yallaɓai Ɗan Tirela, barka da arziki, Allah Ya raya. Tambayarka ba ta yara ba ce, ita ce darasin da muke kwashe zango guda muna yi wa ɗalibai. Bari in fara da abin da ka riga ka sani daga ginin ɗakinka.

Ka tuna ranar zuba linta? Rodin da ya fi muhimmanci a ƙasa ake jera shi. Dalili shi ne kankare jarumi ne wajen matsi, rago wajen ja. In ka danne shi zai ɗauki abin da ba ka zato, in ka ja shi kuwa, da kusan kashi ɗaya cikin goma na wannan ƙarfin zai tsage. Linta in ta ɗauki nauyi, samanta na matsewa, ƙasanta na buɗewa, shi ya sa ake sa rodi ya riƙe inda ke buɗewar. Duk miƙaƙƙen abu da aka ɗora tsakanin filoli biyu haka yake fama. Baka shi ne dabarar kauce wa wannan faman. Lanƙwasar da aka yi masa takan sa nauyin ya bi jikinsa yana gangarowa dama da hagu, kowane yanki na danne na ƙasa da shi, har ya isa ƙafa. Kusan babu inda ake jan kankaren, matse shi kawai ake yi, wato an ba shi aikin da ya fi iyawa.

Amma akwai sharaɗi. Ka samu ruwan zarton ƙarfe, ka lanƙwasa shi tsakanin bulo biyu a kan tebur, ka danna tsakiyarsa da yatsa. Za ka ga bulon suna zamewa waje. Baka ba ƙasa kaɗai yake dannawa ba, yana tura ƙafafunsa gefe da ƙarfin gaske. In abin da ya tokara ya matsa, shi ke nan ya zube. To a wurinku abin da ya tokara bangon kwazazzabo ne, dutse zalla, an fasa shi an zuba masa katafaren tushe a ciki. Amsar tambayarka ta farko ke nan: duwatsun nan biyu da suka ba ka tsoro su ne suke riƙe da kai. Da ka duba dam ɗin da kyau, shi ma baka ne aka kwantar, bayansa na fuskantar tafki, ruwa na tura shi yana ƙara cusa kafaɗunsa cikin duwatsun. Tun 1936 yake haka.

Shi ya sa ba ka ga irinta a Jebba ko Makurɗi ko Jamata ba, haka gadar Kennedy ta Yamai. Kwara da Binuwai a waɗannan wurare shimfiɗaɗɗu ne, faɗi gare su, ruwan kuma ba shi da nisa da titi, kafa filoli a ciki ya fi araha nesa ba kusa ba. A naku kuwa fila za ta yi tsayin mita 270 kafin ta iso titi, a cikin ruwan da ke fitowa daga injinan lantarki. Ba mai hankalin da zai fara.

Batun tokara. Da can haka ake yi, a gina bakan katako cikakke, a zuba kankare a kansa, in ya kama a cire. Hanya ce mai haɗari. A Suwidin, gadar Sandö mai buɗin mita 264, bakan katakon ya rufta ana cikin zubi a ƙarshen watan Agusta 1939, mutum 18 suka mutu, sai 1943 aka kammala ta. A taku ba a tokara daga ƙasa ba, daga sama aka rataye. An kafa hasumiyoyin ƙarfe na wucin gadi a bakin kowane dutse, aka ɗaure su da igiyoyin ƙarfe ta baya. Sai aka sa akwatin zubi mai tafiya a bakin tushen. A ɗaura rodi, a zuba yanki ɗaya mai tsawon mita bakwai da wani abu, a jira ya kama, a tura akwatin gaba ya maƙale a jikin wanda aka gama, a zuba na gaba. Hannun na ƙara tsawo ana ƙara masa igiya daga hasumiya tana riƙe shi kada ya sunkuya. Yanki 26 daga Nevada, 26 daga Arizona, sai na cikon tsakiya. Kuma ka lura bakan tagwaye ne, biyu ne a jere an haɗa su da ƙarafa, kowanne faɗinsa mita shida, kaurinsa mita huɗu da ɗan ɗori, cikinsa rami ne kamar akwati don a rage nauyi.

Wahalar aikin tana wajen saiti. Ƙarfe da kankare suna miƙewa da zafi suna takurewa da sanyi, hannun da ke rataye a iska kuma kullum yana ɗan motsi, ga nauyi na ƙaruwa da kowane zubi. Sai an yi ta awo ana ɗaure wannan igiya ana sassauta waccan. Da hannayen suka haɗu a watan Agusta 2009, saɓanin da ke tsakaninsu bai wuce santimita ɗaya ba. Da aka zuba cikon ya kama, aka kwance igiyoyin, aka sauke hasumiyoyin, bakan ya tsaya da kansa. Daga nan aka ɗora filolin, su a wani fili aka zuba su gunduwa-gunduwa aka kawo, sannan manyan bim na ƙarfe, wato dogayen ƙarafan da ke ɗauke da titin, sannan dakin ɗin da kake takawa.

Zafin wurin ka fi ni saninsa. Kankare in yana kamawa shi kansa zafi yake fitarwa, in ya haɗu da ranar da ta haura digiri 40 zai tsattsage tun bai yi ƙarfi ba. Don haka da dare suke zubi, suna sanyaya kwaɓin da ruwan naitirojin.

Motsin da ka ji lafiya ce. Bim ɗin da ke ƙarƙashin titin na ƙarfe ne, yana ɗan bayarwa ya dawo, ga mahaɗar da taya ke bugawa a bakin gada, wadda aka bari don titi ya samu wurin miƙewa. Tafin ƙafar mutum na jin motsin da bai kai kaurin farce ba. Kankaren da ke jikin gadar ya haura tan dubu hamsin, tan 36 ɗinka a wurinta kamar ƙuda ne a bayan sa. Dokar ƙasar kuma ta tilasta duba gadojin titi a kai a kai, galibi sau ɗaya a shekara biyu.

In da abin da zan ce ka ji tsoro a wurin, iska ce. Kwazazzabo mazurari ne. A watan Satumba 2006 iska ta kayar da ƙugiyoyin ɗaga kaya da aka rataya a kan igiya daga dutse zuwa dutse, aikin ya ja baya da kusan shekara biyu, shi ya sa abin da aka fara a 2005 sai Oktoba 2010 aka buɗe. Gadar ba za ta kula da iskar ba. Akwatin da kake ja a bayanka zai kula, musamman in babu kaya.

Jikan Magina

Injiniya, Allah Ya ƙara basira. Ina karanta bayaninka ina murmushi, domin wannan "a miƙo daga nan a miƙo daga can a haɗu a tsakiya" na gan shi da idona ina yaro a cikin birnin Zariya, ba tare da ƙugiya ko naitirojin ba.

Kakana magini ne. In za su yi soro mai bakan gizo, ba sa cika ɗakin da tokara. Bango ake fara tayarwa da tubali ya bushe. Sai a kawo azara, tsagin giginya da gara ba ta ci, a kafa kafin farko a jikin bango yana ɗan karkatowa ciki, a ɗaure da igiya, a yaɓe da ƙasa. A bar shi ya sha iska. Sai a ɗora kafi na biyu a kansa ya ƙara leƙowa, haka daga wancan bangon ma, har a zo a ɗinke su a tsakiya. Kaka ba ya yarda a yi gaggawa, in yaron gini ya ce ya bushe sai ya dangwala babban yatsa ya ce a ƙara kwana biyu. In aka gitta baka biyu suka haɗu a tsaka, ɗaurin guga ke nan, har a liƙa tasa a mahaɗar don ado. Duk wanda ya shiga tsohon ɓangaren Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani na zamanin Sarki Abdulkarim, ya ga iyakar wannan fasaha.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yaranmu na karanta gadojin Turai da Amurka a jami'a, ba wanda ya taɓa kai su su zauna da tsohon magini kwana ɗaya. Malam Ɗan Tirela, ka faɗa wa Hajiya bakan gizo ne kawai Bature ya yi da siminti. Ta san shi, ta sha zama a ƙarƙashinsa.

Injiniyan Gada

Malam Jikan Magina, na ji daɗin wannan, kuma takaicinka nawa ne. Sai dai in ɗan yi gyara kada ɗalibi ya kwasa ya kai ɗakin jarrabawa. Hanyar ginin iri ɗaya ce, amma yadda suke ɗaukar nauyi ya bambanta. A bakan gizo azarar ce ke yin yawancin aikin, tana zaune a ciki har abada kamar rodi, tana jure lanƙwasa, kaurin bango kuma na danne gindinta. Ƙasa ba ta da ƙarfin da za ta ɗauki matsin da kankare ke ɗauka, shi ya sa faɗin soro ke da iyaka, in ana son babban fili sai a yawaita ginshiƙai kamar yadda aka yi a masallacin. A gadar kuwa abin da ya riƙe hannayen lokacin gini an kwance shi an tafi da shi. Amma haƙurin nan na kaka, kada a ɗora sabo sai na baya ya yi ƙarfi, har gobe shi ne ƙa'ida. Mu dai maimakon babban yatsa, samfur muke murƙushewa a inji.

Maman Biyu

Sannunku da hira. Baban jariri, ina tare da kai ɗari bisa ɗari, ni ma haka ta same ni. Muna zaune a Gqeberha, Afirka ta Kudu, garin da a da ake kira Port Elizabeth. In za mu Cape Town a mota titin N2 muke bi, kuma a yankin Tsitsikamma irin gadojin nan a jere suke, kowane kogi ya yanka rami mai zurfi kafin ya faɗa teku. Babbarsu ita ce Bloukrans, mita 216 daga ƙasa, buɗin bakanta mita 272, tun farkon shekarun 1980 take. Na sha wucewa ina barci. Ranar da maigidan ya tsaya da mu a wurin kallo na ga mutane suna bin wata siririyar hanyar raga a ƙarƙashin titi, su je saman bakan, a ɗaure musu igiyar roba a ƙafa su faɗo ƙasa da ka. Kuɗi suke biya a yi musu haka! Hassan ɗina, shekararsa sha shida, wai shi ma zai gwada. Na ce sai dai bayan raina.

Injiniya, akwai wata ƙarama kafin ita, a kan kogin Storms, ta shekarun 1950, zanen wani Ba'italiye Riccardo Morandi. Ita an ce a tsaye aka gina rabi-rabin bakan a bakin kowane dutse, sannan aka sunkuyo da su a hankali har suka haɗa goshi. A nan muke tsayawa shan mai da sallah, ana iya takawa a ƙafa. Ni dai daga bakin nake tsayawa in riƙe musu jaka.

Injiniyan Gada

Haka aka yi ta, Hajiya. Buɗinta mita 100 ne, shi ya sa dabarar ta yiwu. Da rabin bakan Ɗan Tirela za a tsayar haka, da an yi hasumiyar da ta haura mita 160 a bakin rami. Ki riƙe Hassan da kyau.

Ɗan Tirela

Jama'a na gode, Allah Ya saka da alheri. Kwana uku ina hanya shi ya sa kuka ji ni shiru. Injiniya, na yi gwajin ruwan zarton a gareji da bulo biyu, yara suka taru suna kallo, maman yara ta leƙo ta ce in dai ba gyaran famfon kicin nake ba ba ta son gani. Bulon sun zame kamar yadda ka ce. Da na tokara su da bango da tayar mota na danna, ƙarfen ya ƙi sauka.

Na Kantin Kwari, ka yi gaskiya, kuma wani dattijon direba a wurin aikinmu ya faɗa mini abin da ya fi naka zafi. Shi ya yi zamanin da babu gadar. Da can ta kan dam ɗin kansa manyan motoci ke bi, layi ɗaya kowane hannu, kwana kamar ƙugiya, ga masu yawon buɗe ido suna tsallaka titi da kyamara. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 aka hana tirela hawa dam ɗin kwata-kwata, aka karkatar da su ta Laughlin, shekara tara suna zagaye. Akwai wata doguwar gangara a hanyar kafin a sauka bakin kogi, ya ce warin birkin da ke ƙonewa a wurin har yau yana hancinsa. Da na ce masa gadar na ba ni tsoro, ya dube ni sama da ƙasa ya ci gaba da cin abincinsa.

Na manta ban faɗi sunanta ba, mu dai gadar dam muke ce mata. Sunan mutum biyu aka haɗa mata, ɗaya daga kowace jiha. Mike O'Callaghan gwamnan Nevada ne daga 1971 zuwa 1979. Pat Tillman ɗan ƙwallon Amurka ne a kulob ɗin Arizona Cardinals, ya ajiye wasa da kuɗinsa ya shiga soja a 2002, aka kashe shi a Afganistan a 2004, daga baya ta fito fili cewa harsashin 'yan'uwansa sojoji ne ya same shi. Ma'aikaci ɗaya kuma ya rasa ransa a wurin ginin a 2008. Shi na fi tunawa da na karanta bayanin akwatin zubin nan, domin wani ne ke shiga cikinsa da tsakar dare ya ɗaura rodi, babu komai a ƙarƙashinsa.

Shekaranjiya na dawo daga Las Vegas babu kaya, ga iska tun daga Boulder City, allon lantarki na gargaɗin dogayen motoci. Na rage gudu, na koma layin ciki, na kashe rediyo, na riƙe sitiyari hannu biyu. Da na shiga tsakiya na ji ta bugi akwatin kamar an mare shi, bayan motar ya ɗan yi rawa ya dawo. Gumin hannu yana nan, amma wannan karon madubi nake kallo, ban tuna da ramin ba sai da na wuce.

Hajiya ta koma Kano ranar Lahadi. Na sa maman yara ta karanta mata maganar Jikan Magina kafin ta tafi. Ta yi shiru, sannan ta ce soron gidansu na Yakasai mai bakan gizo ne, kuma a gabanta ya rufta da daminar da aka haifi autarta, don haka a daina kawo mata wannan misalin. Yanzu duk ranar da ta san ina hanyar Las Vegas sai ta kira 'yarta, ko gaisuwa ba ta gamawa take tambaya, "Ya haye?"